Adakar kakana: sojan ruwa a yaƙin basasa, da daren da jirgi ya fashe a Ikko

Jikar Sojan Ruwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun bayan sadakar arba'in ɗin kakana, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon kaya sai aka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa, wadda tun muna yara ba mai taɓa ta. Makulli ya ɓata, sai da aka fasa kwaɗon. A ciki akwai farar hular sojan ruwa, da littafin sallama daga aiki duk takardunsa sun yi ja, da wata 'yar langa fara mai shuɗin baki da ta ɓantale, da hoto guda: samari shida a jere a kan jirgi, shi ne na biyu daga hagu, siriri kamar sillen kara.

Mun san ya yi soja, don Baba Soja ma muke ce masa, amma bai taɓa zaunar da mu ya ba mu labari ba. Mutumin Yawuri ne, a bakin kogi ya tashi. Littafin ya nuna ya shiga aiki a 1964, kuma a ɗakin inji ya yi yawancin aikinsa, har da a jirgin NNS Nigeria. Kunnensa na hagu ba ya ji tun da na san shi.

Hajiya kakarmu ita ce mai labari. Ta ce a watan Oktoba na 1967 tana Obalende a gidan kawunsa, da cikin babanmu wata shida, shi kuma yana teku. An hana kunna fitila da dare, sun lilliƙe tagogi da takarda. Cikin dare suka ji rugugin jirgin sama, sai bindigogi daga bariki, sai sama ta yi jajir, sai wani abu ya riƙa zuba a kan kwanon ɗaki kamar ƙanƙara. Ta ce ita dai ta rarumo tukunyar ƙarfe ta kife a kan cikinta ta shige ƙarƙashin gado tana salati.

Shi kuwa magana ɗaya tak na taɓa ji daga bakinsa. Ƙanena ya zubar da ragowar tuwo a tsakar gida, Baba ya sunkuya ya ɗauka, ya hure ƙasar ya cinye, sannan ya ce, "Ni ban taɓa ɗana kunama a kan mutum ba. Amma mu muka rufe ƙofa, yara suka mutu a ciki." Lokacin ban gane ba. Wace ƙofa yake nufi? Kuma akwai wanda nasa kakan ko mahaifin ya yi aikin ruwa a wancan yaƙin?

Ɗan Fagge:
Allah ya jiƙan Baba. Amma tsakani da Allah, Bahaushe da teku? Ni ko kwalekwalen Tiga aka ce in shiga sai na yi wasiyya tukuna.

Uwar Biyu:
Ɗan Fagge kai ba ka da lokacin wasa da na gaske. Yarinya na cikin jimami. Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri 'yata.

Malam Na-Tarihi:
Wa alaikumus salam. Allah ya kai haske kabarinsa. Ƙofar da yake nufi teku ce, ƙanwata. Da Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, abu na farko da gwamnatin Janar Gowon ta yi shi ne toshe hanyar ruwa, tun kafin a fara harbi ranar 6 ga Yuli. Jiragen sojan ruwa suka tsare bakin teku, ba mai shiga ba mai fita. NNS Nigeria da kika ambata shi ne babban jirginsu a lokacin, a Holan aka ƙera shi, ya iso a 1965. A ƙarshen Yuli suka sauke sojojin Kanar Benjamin Adekunle a Bonny, inda ake lodin ɗanyen mai, a Oktoba suka sauke su a Kalaba. Fatakwal ta faɗi a Mayun 1968. Daga nan Biyafara ba ta da tashar ruwa ko ɗaya.

Abin da ya sa hakan ya yi muni shi ne, yankin yana da cunkoson jama'a, ga ɗimbin waɗanda suka koma gida bayan kashe-kashen 1966. Rogo da doya suna da su, amma abin gina jiki daga waje yake zuwa: shanu da wake daga Arewa, busasshen kifi daga Norway. Da aka rufe sama da ƙasa sai tamowa ta kama yara. Masu ƙiyasi sun bambanta, daga mutum 500,000 har zuwa miliyan 2, kuma yunwa ta fi harsashi kisa.

Jirgin da Hajiya ta ji kuma gaskiya ne. Na fasinja ne samfurin Fokker, mallakar kamfanin jiragen saman Najeriya, aka karkatar da shi zuwa Inugu tun kafin yaƙi, suka mai da shi na jefa bam. A sararin Ikko ya fashe, duk na ciki suka mutu. Obalende kuwa maƙwabciyar barikin Dodan ce, inda Gowon yake zaune, shi ya sa abin ya zo musu a ka.

Sarkin Musu:
Malam, ba fashewa ya yi da kansa ba, harbo shi aka yi. Mahaifina yana soja a Ikko a lokacin, ya ce da idonsa ya ga wutar bindigogin tana bin sa.

Malam Na-Tarihi:
Duka ruwayoyin biyu suna nan, ɗan'uwa. Gwamnati ta ce harbo shi aka yi, wasu kuma suka ce bam ɗin da suke turowa da hannu ta ƙofa ne ya tashi da su. Ganin wuta tana bin jirgi daban, ta same shi daban.

Ɗan Fagge:
Uwar Biyu na tuba, a yafe mini. Amma ni tambayata da gaske nake, 'yan Arewa nawa ne a ruwa a wancan zamanin? Mu dai sojan ƙasa muka sani.

Tsohon Kofur:
Ba su da yawa amma akwai su, yaro. Murtala Nyako a 1963 ya shiga, ya yi horo a Ingila, shi ne gwamnan soja na farko a jihar Neja a 1976, daga baya ya shugabanci rundunar gaba ɗaya. Husaini Abdullahi ma sojan ruwa ne, ya yi gwamnan Bendel. Ƙananan ma'aikata irin su marigayi kuwa, 'yan bakin kogi ake samu, Yawuri, Lakwaja, Numan, Ibi.

Ni sojan ƙasa na yi, kuma bayan yaƙi na shiga. Amma yayana yana cikin runduna ta biyu ta Murtala Muhammad, waɗanda aka ce su haye kogi daga Asaba zuwa Anaca a Oktoban 1967. Har ya rasu ba ya son maganar. Abin da ya taɓa gaya mini kawai, yawancin abokansa ba harsashi ya kashe su ba, ruwa ne ya ci su, ga takalmi ga bindiga ga harsasai a ƙugu, kuma ba wanda ya iya iyo. Don haka in ka ji Bahaushe na tsoron ruwa kada ka yi dariya.

Mai Shayin Kwana:
Ai jirgin Aradu shi ya gama da su a yaƙin nan, ko sunansa kaɗai ya isa.

Tsohon Kofur:
A'a, Mai Shayi. Aradu a 1982 ya fara aiki, daga Jamus aka sayo shi, yaƙi ya ƙare da shekara 12. Da ya zo ne ma aka sauya wa NNS Nigeria suna zuwa Obuma. Sunayen Hausa dai akwai su a jiragen: Aradu, Dorina, Damisa, ga Kada na kwanan nan.

Haifaffen Sabon Gari:
Na daɗe ina karantawa ina shakkar in sa baki. Ni Ibo ne, a Kano aka haife ni bayan yaƙi, Hausa kuma ta fi zama a bakina. 'Yar'uwa Jikar Sojan Ruwa, Allah ya jiƙan kakanki. Mahaifiyata tana cikin ɗakin da aka rufe wa ƙofar.

Sun bar Kano a jirgin ƙasa a ƙarshen 1966 da 'ya'ya uku, suka koma ƙauye kusa da Umuahia. Ta ce jiragen sama da rana tsaka suke zuwa, kuma ranar kasuwa suka fi so, har aka mai da kasuwa cikin daji, ana ci da asuba a watse kafin hantsi. Kowane gida da raminsa a bayan ɗaki, an rufe da itacen kwakwa da ƙasa. In an ji ƙara sai a tura yara ciki a kwanta a kansu. Amma ta ce jirgi ya fi sauƙi, don yana zuwa ya wuce. Gishiri shi ne bala'in. Cokali ɗaya sai mai hali. Sun ci ƙadangare, sun ci ɓera, sun ci ganyen da ko akuya ba ta kallo. Yayata ta biyu gashinta ya koma ja, ƙafafu suka kumbura, ta rasu tana da shekara huɗu. Sauran biyun madarar gari da busasshen kifin da jiragen agaji ke saukewa cikin dare a Uli suka cece su. Filin ma ba fili ba ne, titin mota ne aka faɗaɗa.

Har ta rasu, mahaifiyata ba ta yarda gishiri ya ƙare a gida. Kullum akwai ƙulli a ƙasan akwatinta, tare da zannuwan fita.

Uwar Biyu:
Innalillahi. Wallahi sai da na ajiye wayar. Allah ya jiƙan bayinsa.

Sarkin Musu:
Abin tausayi ne, ba musu. Amma a faɗi gaskiya duka. Su ma sun jefa bam a Makurɗi da filin jirgin Kano a 1967, kuma wa ya fara? An manta da 15 ga Janairu 1966, da Sardauna da Tafawa Ɓalewa? Sannan an yi tayin a shigar da abinci ta ƙasa da rana, shugabanninsu suka ƙi. Kada a ɗora wa tsoho laifin da ba nasa ba, shi umarni aka ba shi.

Haifaffen Sabon Gari:
Yaya Sarkin Musu, ban ɗora wa kowa laifi ba. Yayata ba ta san Janairu ba, ba ta san Ojukwu ba. Kuma in labari duka ake so, ga sauran: da mahaifina ya dawo Kano a 1970, hannunsa fam 20 ɗin nan da aka ba kowa komai yawan kuɗin da ya bari a banki, sai ya tarar da maƙwabcinsa Bahaushe, mai sayar da katako, ya riƙe masa gida, ya zuba 'yan haya, ya tara kuɗin shekara uku a gwangwanin madara. Ya ƙirga masa har sisin kwabo. A gidan aka haife ni.

Malama Mai Allo:
Ku yi haƙuri da juna. Sarkin Musu, ba wanda ya kai marigayi ƙara, shi ne ya faɗa da bakinsa. Mutumin da zuciyarsa ta mutu ba ya tsintar tuwo a ƙasa. Ni a ganina wannan nauyin da ya ɗauka alamar imani ce, kuma hisabi na Allah ne. Jikarsa, ku yawaita masa sadakar abinci, tunda nan ransa ya tsaya.

Baƙo Daga Injamena:
Gaisuwa daga Chadi. Maganar bam ɗin nan ta tuna mini da kakata. Mutane ba su san yaƙin Hitila ya taɓa garinmu ba. A watan Janairun 1942, lokacin ana ce wa Injamena Fort Lamy, jirgin Jamus guda ɗaya ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bam a filin jirgi, ya ƙone ma'ajiyar mai. Dalili kuwa, Chadi ta bi Janar de Gaulle tun 1940, kuma jiragen Ingila da ake haɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri da garinmu suke bi zuwa Masar. Kakata tana yarinya, ta ce hayaƙi ya rufe rana, mata suka kwashi yara suka nufi bakin kogin Shari. Tun daga nan take ƙirga shekarunta da "shekarar jirgi".

Jikan Ɗan Bama:
Mu kuma namu kakan ruwa ya shiga amma a matsayin kaya. Yana cikin waɗanda aka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, daga can aka shiga dajin ƙasar Bama (Burma) yaƙi da Japan. Ya ce sati na farko ba wanda ya iya cin abinci, kowa sai amai, ga rigimar alƙibla kullum don jirgi na juyawa. Wai wani daga cikinsu ya ɗanɗani ruwan teku ya ce lallai Turawa sun yi ɓarnar gishiri. Barikin Dodan da Malam ya ambata ma sunan wani wuri ne a Bama, haka Myohaung a Yaba da Chindit a Zariya.

Ɗan Fagge:
Kun ga? Na ce muku mu da teku sai a hankali.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina so in dawo da mu kan tambayar farko. 'Yar'uwa, bayan kunnen, akwai wani abu da kuka lura da shi? Barci fa? Ina tambaya ne don na yi jinyar tsofaffin sojoji da dama. Akwai ciwon da ke bin wanda ya ga tashin hankali: firgita cikin barci, ƙin hayaniya, saurin fushi, ko shiru mai tsawo. A da ba a san shi da suna ba, sai a ce iska ce.

Jikar Sojan Ruwa:
Anti kamar kina gidanmu. Babanmu ya ce suna yara Baba kan tashi tsakar dare ya fita tsakar gida yana lalube bango, wai yana neman tsani, ruwa ya shigo ɗakin inji. 'Yan'uwansa suka ce aljanun ruwa ne suka biyo shi, aka yi ta turare da rubutu. In injin niƙa na maƙwabta ya canza ƙara kuwa, ko yana cin abinci sai ya miƙe, ya je ya gaya wa mai injin abin da ya lalace, kuma yadda ya faɗa haka ake tararwa. Da wannan ya riƙe gida bayan ya bar aiki, gyaran injin ban-ruwa da na niƙa, don fansho sai a yi wata da watanni ba a gani ba. Ya sha zuwa tantancewa da fayil a hammata, ya kwana a kan benci, ya dawo hannu rabbana.

Hajiya kuma jirgin sama ne ba ta so. Sau biyu ana biya mata Makka tana ƙi. A na uku da ta yarda, tun daga tashi har sauka idonta a rufe, hannunta a kan ciki, ga shi babanmu da ke cikin cikin a wancan dare shi ne zaune kusa da ita da furfurarsa.

Tsohon Kofur:
Maganar fansho kada ki tayar mini da ciwo, 'yata. Duk 15 ga Janairu a tara mu 'yan mazan jiya a fili, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a ba mu lemo, kowa ya kama gabansa. Ki adana littafin sallamar nan, ki sa shi a leda saboda gara. In Hajiya na da haƙƙin da ba a biya ba, shi za a fara tambaya.

Sarkin Musu:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Wanda ke ɗakin inji bai ma ga gaɓar teku ba, balle ya rufe wata ƙofa. Da ba a toshe ruwan ba da makamai sun yi ta shiga, yaƙin wata 30 ya zama na shekara goma, a mutu fiye da haka.

Malam Na-Tarihi:
Wannan ita ce hujjar da gwamnati ta kafa a lokacin, kuma akwai masana da ke ganin jiragen agajin ma sun tsawaita yaƙin, tunda ta Uli makamai ke shiga su ma. Wasu kuma na cewa ko ma mene ne, ba a yi wa farar hula horo da yunwa. Shekara sama da 50 ana wannan gardamar. Amma batun bai ga gaɓa ba, jirgi ai yana tsayawa a tasha, ana sauka.

Jikar Sojan Ruwa:
Malam ka yi gaskiya. Jiya da daddare na karanta wa Hajiya abin da kuka rubuta, har da na Yaya Haifaffen Sabon Gari. Ta yi shiru, can ta ce in ɗauko mata langar nan.

Ta ce bayan an karɓi Fatakwal su Baba sun sauka a can na 'yan kwanaki. Akwai yara da ke taruwa a bakin tasha suna jiran ragowar abincin sojoji. Ɗaya daga ciki, yaro ne da bai wuce shekara biyar ba, ba ya tururuwa da sauran, sai ya tsaya gefe ya miƙo langa da hannu biyu. Baba ya riƙa raba abincinsa biyu yana zuba masa. Ba ya jin yaren yaron, yaron ba ya jin nasa. Rana ta huɗu ya karɓi langar ya shiga ciki don ya ciko ta, kafin ya fito aka yi harbi a kusa, yara suka watse. Ya jira har magariba, washegari ma ya fito da ita, yaron bai dawo ba. Kwana biyu aka ce su tashi.

Ta ce sau ɗaya ya ba ta labarin, a 1970, bai ƙara ba, ita ma ba ta ƙara tambaya ba.

Haifaffen Sabon Gari:
Irin langar nan muna da ita a gida, fara mai shuɗin baki. Kowane gida na da ita a lokacin. Ki gaishe mini da Hajiya, ki ce ɗanta na Sabon Gari yana mata ta'aziyya.

Uwar Biyu:
To yanzu kayan wa aka ba?

Jikar Sojan Ruwa:
Ta amsa, Yaya, ta ce in ka shigo Yawuri ka zo ka ci kifi. Umma, littafin yana wurin babanmu, na sa shi a leda kamar yadda Baba Kofur ya ce. Hular har yanzu ƙannen babanmu biyu na jayayya a kanta. Langar kuwa Hajiya ta wanke ta, ta ce ba ta cikin gado, tunda ba tasa ba ce.